Curin Gwaji na Goggo Gunvor

A danginmu na garin Hudiksvall ba mai dafa curin nama ranar jajibirin Kirsimeti sai Goggo Gunvor, yayar babana. Mace ce mai tsare gida, ba ta dariyar banza, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata kasko.

Takan jiƙa garin burodi a madara, ta goga albasa, ta kwaɓa su da niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi. Kafin ta mulmula sauran, sai ta soya guda ɗaya a man shanu don gwada gishiri, kamar yadda kowace mai girki ke yi a nan. Amma ita ba ta ci. Mijinta Torsten take miƙa wa a ɗan faranti, ya tauna, ya ce "ƙara kaɗan" ko "ya yi". Mu muna tsokanarsu, wai soyayyar tsofaffi.

Idan an zauna cin abinci da dankali da miyar kirim, kwanon yakan ƙare tas, sai curi ɗaya tak, don a wajenmu ba mai ɗaukar na ƙarshe. Wannan guda ɗayan shi ne lambar yabon Goggo.

Torsten ya rasu da bazara. Da Kirsimeti ta zo, Goggo ta yi girkinta ita kaɗai, ta ƙi a taimaka mata. Loma ɗaya na kai baki na ji kamar na lashi dutsen gishiri. Na dubi babana, ya dubi labule.

"Kai, Gunvor, hannunki na nan yadda yake," in ji shi, yana kwankwaɗar ruwa.

Kowa ya yaba. Mu mutane ne da gara mu haɗiye wuta da mu ɓata wa mai gida rai. Sai dai kwanon ya koma kicin da tulin nama a ciki, kuma Goggo ba makauniya ba ce.

Na bi ta da farantai, na same ta tsaye kan kwanon, kunnuwanta sun yi jajur.

"Rufe ƙofar, Ylva," ta ce. "Gishiri ne ko babu gishiri?"

"Goggo, ai ya yi da..."

"Ke! Ni za ki yi wa daɗin baki?"

Na sunkuyar da kai na ce ya yi yawa. A nan ta gaya mini abin da ta ɓoye wa kowa: tun wani zazzaɓi da ta yi tana amarya harshenta ya mutu, ba ta bambance gishiri da sukari. Torsten ne harshenta. Da safen ranar ta soya curin gwaji, ta ɗora a farantinsa, ta tsaya tana kallonsa har ya huce. Kunya ta hana ta buga wa kowa waya.

Ni ma kunya ta rufe ni, kamar na faɗa mata ɗaki tana canza kaya.

Da bikin Ista ta kira ni, wai in zo in duba mata famfo. Famfon lafiyarsa lau. Ta nuna mini kujerar Torsten, ta ajiye ɗan farantin a gabana da curin gwaji a kai, ta juya mini baya tana goge tukunyar da ba datti.

"Ki faɗi gaskiya," ta ce. "Shi bai taɓa yi mini ƙarya ba."