Mai Zuwa Kallon Kwazazzabo

Malam Maitama yana da shekara sittin da huɗu, tsohon malamin gona ne, yana zaune da matarsa Hajiya Raudatu a wani ƙauye kusa da Gozaki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki, mafi yawansa awon kwazazzabai. Duk ƙarshen damina sai ya ɗauki igiyar awo ya bi inda ruwa ya cinye gonaki, ya auna faɗi da zurfi, ya rubuta rahoto ya kai ofis. Rahotannin suna nan. Kwazazzaban ma suna nan, sun ƙara girma.

Da ya yi ritaya bai daina zuwa ba. Kowace Asabar ta rani yakan sa takalmin roba, ya rataya gorar ruwa, ya tsallake rafi ya nufi babban kwazazzabon da ke bayan duwatsu, tafiyar awa biyu da rabi. Ba ya farauta, ba ya saran itace, ba shi da gona a can. Da la'asar ya dawo hannu rabbana.

Wannan dawowa ba komai a hannu ita ta jawo masa magana. Tun da daji ya lalace, mutane suka fara lura da mai shiga da mai fita, aka soma raɗa cewa labari yake kai wa 'yan bindiga. Bara da bazara sai ga Zubair, shugaban 'yan sintirin ƙauyen, a zaurensa. Malam Maitama ne ya koya masa feshin auduga yana saurayi, don haka sai da ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya kafin ya faɗi saƙon maigari: ko dai ya nuna abin da ke kai shi, ko kuma kada ya sake tsallake rafi.

Hajiya Raudatu ta leƙo daga cikin gida ta ce ita shekara bakwai tana wannan tambaya. Ta shawarci Zubair ya sa takalmi mai ƙwari.

Ranar Asabar Malam Maitama da Zubair suka tafi. Suka gangara cikin kwazazzabon ta wata ƙofa da shanu suka fasa, suka bi yashi tsakanin bango biyu da tsayinsu ya kai gaba shida. Iskar ciki da sanyi. Ƙasar bangon hawa-hawa take, ja a sama, rawaya a tsakiya, sai wani layi fari kamar garin masara da ya bi kwana ya ɓace. Saiwoyin tsamiya na reto daga can sama. Wasu korayen tsuntsaye sun huda bangon sun yi gidaje, suna shiga suna fita. A kwana ta uku ta kwazazzabon yashi na da danshi duk da zafin bazara, malam-buɗe-littafi sun taru a kai. Nan Malam Maitama ya zauna, ya ce a jira rana ta ɗan karkata, lokacin ne haske ke sauka a kan farin layin.

Suka jira. Hasken ya sauka.

"Baba, ina abin?" in ji Zubair.

"Ga shi nan kana kallo."

Zubair ya tashi ya bubbuga bangon da gindin bindiga, ya leƙa ramukan tsuntsaye, ya tona yashin da ƙafa. Ya dawo.

"Baba, ƙasa ce."

"Ƙasa ce," in ji Malam Maitama.

Zubair ya yarda da shi, sai dai yardar ba ta da amfani. Ya ce in ya koma ya gaya wa maigari cewa dattijo na tafiyar awa biyar don kallon ƙasa, shi za a fara bincika. Dole a sami dalilin da ake iya ɗauka a ka. Ya zaro wuƙa ya ɓanɓaro dunƙule daga farin layin, kamar girman ƙwarya. Daga yau, in ji shi, farar ƙasa Baba ke zuwa ɗebo wa Hajiya ta shafe ɗaki, kuma duk dawowa sai ya bi da ita ta gaban majalisar da ke ƙofar masallaci. Maigari ya amince da wannan bayani ba tare da tambaya ba.

Malam Maitama kuwa ya ga ramin da wuƙar ta bari. Mutumin awo ne. Ya ƙiyasta cewa dunƙule ɗaya duk Asabar, kafin rani huɗu babu farin layi a wannan kwana. Bai sake ɓanɓarowa ba. Dunƙulen Zubair shi yake fita da shi a jaka ƙarƙashin riga, ya dawo da shi a kan gammo. A majalisa ana yi masa sannu da aiki, ana yaba tsabtar Hajiya, wadda ɗakinta bai ga shafe ba tun auren autarsu.

Dunƙulen ya fara raguwa saboda yawan ɗauka. Asabar ɗin da ta wuce, kafin ya fita, ya naɗe shi da tsohon buhu biyu, don kada majalisa ta lura ya ragu.