Yankan Farko

Duk wanda ya taɓa sauka daga mota a bakin ruwan Chuspa ya ga Eudocia Liendo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai faranti a ka, da take sayar da alewar kwakwa a inuwar bishiya. Ni direba ne, sunana Cleto. Daga babban birninmu Caracas nake kwaso masu yawon buɗe ido da safe, a zaga da su gari da bakin teku, in mayar da su da yamma. A Chuspa aka binne cibiyata, don haka ba labarin wani nake ba ku ba.

Eudocia tana da ƙa'ida guda: yankan farko na kowace rana ba na sayarwa ba ne. Shekarun baya kwale-kwalen mijinta ya ɓace a teku, ta shiga coci ta yi wa waliyyi San Juan alkawari cewa in mijin ya dawo, kullum sai baƙo ya ci alewarta kyauta har ta mutu. Mijin ya dawo, ya yi tsawon rai har ya ishe ta da surutu, ya rasu a kan gadonsa. Ita kuwa ba ta taɓa fashi ba. Kuma ɗan gari ba ya cin yankan nan, sai baƙo.

Ana nan sai kamfani ya haɗa ni aiki da Yorman.

Yorman ɗan garinmu ne. Eudocia ce ta riƙe shi a coci ranar baftismarsa, wato ita ce madrina ɗinsa, kuma a wurinmu wannan ba abin wasa ba ne. Da uwarsa ta tafi aikatau birni, a gindin murhun Eudocia ya girma yana lashe cokali. Ya je Caracas ya dawo da farar riga da lasifika a hannu, wai shi ne jagoran baƙi. Da mun doshi gari sai ya miƙe.

"Jama'a, ku saurara da kyau. In mun sauka, matan nan za su miƙo muku abu su ce kyauta ne. Ƙarya suke. Kuna kaiwa baki za su ɗora muku kuɗi. Kada ku karɓa, kada ma ku haɗa ido da su. Ku ce a'a, na gode, ku wuce."

Har sa su yake su maimaita kamar 'yan aji ɗaya. Dalilin kuwa bai wuce ya kai su gidan abincin surukinsa da yunwarsu ba.

Na ce masa, "Kai Yorman, wai ba ka da kunya ne? Alewar nan fa ita ta yi maka wannan ƙeyar."

Ya ce, "Kawu Cleto, kai dai riƙe sitiyarinka. Ni na kira sunan wani?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, motar na tsayawa shi ne na farkon sauka. Sai ya haɗa hannu a ƙirji ya rusuna mata.

"Albarka, madrina."

Ta ɗaga hannu ta zana masa gicciye a goshi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Mu ba ma hana wannan amsar. Uwa tana iya gaba da kai, amma in ka roƙi albarka sai ta amsa, ko da ta juya maka baya ne.

Yana gamawa sai baƙinsa su zo wucewa, kowa ya kau da kai. "Ga shi, 'yata, kyauta ne." A'a, na gode. "Ɗanɗana mana, ɗan nan." A'a, na gode. Yankan farko ya wuni a gefen faranti har tururuwa su same shi. Tsohuwa ta ƙara sukari, ta rage, ta sayi sabon farin tsumma, duk a banza. Ta fara ramewa. Wata rana ta tare ni a bayan mota ta ce, "Cleto, San Juan ya daina karɓar alkawarina. Me na yi masa?" Ban gaya mata gaskiya ba, domin duk duniya Yorman kaɗai ya rage mata da take kira ɗa.

Wata Asabar muka ɗauko wata mata mai yawan magana. Ta tsaya gaban farantin tana shaƙar ƙamshi, ta ce, "Ki yi haƙuri, mama, ni da na karɓa. Jagoranmu ne ya ce in mun ci za ku cuce mu."

"Wane jagora?"

Matar ta nuna Yorman. Eudocia ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe farantinta ta tafi gida.

Washegari tana nan a wurinta. Yorman ya sauko da fara'arsa, ya haɗa hannu a ƙirji.

"Albarka, madrina."

Ba ta haɗa ido da shi ba. Ta ce, "A'a, na gode," ta wuce ta gefensa.

Ya daina jawabin nan a mota, kuma baƙi sun koma cin yankan farko. Har yau kullum sai ya rusuna ya roƙa, amma hannunta bai sake taɓa goshinsa ba.