Kwana Huɗu Ina Bin Sawun Mai Rumbu

Ranar Litinin da ƙarfe biyar da minti ashirin, bayan sallar asuba, na rataya jaka na fita daga gidanmu a Dogon Dutsi. Riga guda ce a ciki, da kaye sabo, wato littafin rubutu, da biron bik biyu. Inna ta rako ni har bakin ƙofa. "Wai duk wagga wahala don wasan salula ta?" Na ce e. Ta ce Allah shi shirya, ta koma ciki.

Ga wanda bai halarci taron gidan matasa ba, ga abin da ya fitar da ni. Kwamiti na shirya gasar wasan yaƙi ta salula kafin a koma lakkwal, wato makaranta, kuma ɗaya za a zaɓa cikin wasanni biyu. Ba mai wahalar da bakinsa da sunayensu na asali. Na farko muna ce masa Kai Hari: sai da rezo da kiredi, wato sabis da kuɗin kati, minti uku an gama faɗa, kuma mai kuɗi na iya sayen dakaru. Na biyu Mai Rumbu ne: tsohon wasa, ba ya son rezo, sai ka share gona, ka cika rumbu, ka yi ganuwa kafin ka taɓa kowa, kuma zama guda kan ci kwanaki. Lawali mai shagon salula, wanda zai ba da kyautar gasa, ya ce Kai Hari za a yi, don shi duniya ke saye. Ni da na shekara biyu ina zama a kujerar baya ban taɓa buɗe baki ba, sai na ji kaina ina cewa a nan ƙasarmu ta Arewa masu yin Mai Rumbu sun fi yawa, kuma in an zaɓi Kai Hari an rufe wa mutanen ƙauye ƙofa.

"Kai! Ashe Malam Kaye na magana?" in ji Lawali. "To tahi ka ƙirgo muna su. Ran Juma'a in ba ka kawo shaida ba, ka tashi gaban kowa ka janye maganakka." Na ce na yarda. 

Litinin: Matankari

Mai babur ɗin kabu-kabu ya ɗauke ni a kan jika guda, wato sefa dubu. Mun tashi shida saura kwata, mun shiga Matankari shida da minti ashirin, tafiyar kamar kilomita goma sha biyar tsakanin gero da ya riga ya fid da kai. Na sauka wajen Gwaggo Hadi, yayar mahaifina, na sha kunu, na fita aiki.

Dabarata mai sauƙi ce a takarda: in je kowace fada inda ake dafa shayi, in gaisa, in tambaya wa ke yin wane wasa, in rubuta. A fada ta farko wani magidanci ya dube ni sama da ƙasa. "Wasa? Ni da ɗiya huɗu? Tambayi yara." A ta biyu aka ce su karatu suke saurare a salula. A ta uku aka tambaye ni ko ma'aikacin haraji ne. Kafin azahar na zagaya fada bakwai, kuma abin da ke cikin kayena sunaye uku ne, biyu daga ciki na Kai Hari. Na zauna gindin wata bedi ina lissafin yadda zan tashi gaban Lawali.

Salulata ce ta mutu, na kai ta caji bakin kasuwa. Mai cajin, Tankari, yana da rumfa da fanon hasken rana biyu a kan rufi, da allo mai ramuka da yawa, kowace salula da lambarta a manne. Ya ga kaye, ya tambaya, na gaya masa. Sai da ya yi dariya har ya dafa tebur.

"Ɗan lakkwal, wa ka tambayar mai gemu ko yana wasa? Ko ka kama shi hannu cikin ƙwarya cewa za shi yi wankewa shikai. Ba mutum aka tambaya ba, salula aka tambaya." Ya jawo ni bayan allon. "Wagga, kwana ukku take kai ba ta dawo ba, mai ita kira kawai shikai. Wagga kuwa kullum sai ta zo a mace, kuma ta mutumin da yac ce maka ɗiyanai huɗu ta. Mi kake tsammani ka cinye mata batir, wa'azi?"

Shi ne ke zuba wa mutane wasa daga salularsa zuwa tasu, don haka ya san abin da ke cikin kowace ba tare da ya buɗe ba. Bai ba ni sunan kowa ba, ni ma ban nema ba. Ya ce 'yan samarin bakin hanya Kai Hari suke nema, su yi mako biyu suna zafi, kiredi ya ƙare su huce. Salulolin da ke zuwa daga ƙauye a cikin buhu kuwa, Mai Rumbu ne a cikinsu. Na tambaye shi wanne ya fi kawo masa ciniki. "Kai Hari mana, shi ka sa a sayi kiredi. Mai Rumbu sau guda nika zuba shi, ya yi ta haihuwa daga salula zuwa salula, ko dala ban gani." Kafin in tafi ya miƙo mini wata tsohuwar salula da aka ɗaure da roba, cike da caji. Ta kawunsa ce, Baba Gado, a Lugu. "Kai mishi. In ka ga abin da aka yi da ita, ka rubuta."

Talata: Lugu

Mun tashi ƙarfe bakwai. Mai kabu-kabu ya nemi jika biyu da rabi saboda rairayi, kuma bai yi ƙarya ba. Sau uku na sauka na tura, sau ɗaya muka tsallake kori da ruwa ya kai ƙauri, takalma a hannu. A hanya muka wuce wani Bafillace yana kora shanu, ya ce mu bi ta hagun dutse don dama ta caɓe. Tara saura minti goma muka isa. Tun kafin mu shiga gari rezo ya ɓace, kuma bai dawo ba har na bar shi.

Baba Gado dattijo ne siriri, ya karɓi salular da hannu biyu, ni kuma ya karɓe ni da hannu guda. Aka ba ni fura da tumun gero gasasshe. Bayan la'asar, da aka dawo daga gona, maza suka taru gindin gawo, kusa da ramukan dara da ke tone a ƙasa. Na ƙirga mutum tara. Salula guda ce. Bawa, ɗan Baba Gado, ke riƙe da ita don shi ke da ƙarfin ido, amma ba ya taɓa komai sai an yi shawara.

"Ku ja ganuwa ta gabas." "Wace ganuwa, rumbu ba komai? Ka taɓa ganin mai yunwa bisa ganuwa?" "Wanga sarkin kudu ya aiko da sulhu." "Ƙarya shikai, haka yay yi muna ran nan!" Daga bayan darni muryar matar Baba Gado ta taso: "Kar wanda ya saida hatsin nan! Bara ma haka kunka yi kunka ji kunya!" Ba wanda ya yi dariya. Aka bar hatsin.

Sun yi kwana goma sha ɗaya a kan wannan zama guda. Abin da ya fi ba ni mamaki, sau biyu abokin gaba ya bar ƙofarsa a buɗe, suka ƙi kai hari, don a cikin wasan lokacin noma ne. Na yi ƙarfin hali na ce wasan bai hana ba. Baba Gado ya ce, "Shi bai hana ba, mu mun hana. Wa ka ɗebe ma gona mutane hatsi na tsaye?"

Na bayyana masa Kai Hari, da yadda ake sayen dakaru.  Kowa ya san wannan gari ya taɓa tsaya wa rundunar Nasara mai bindigogi, don haka ban yi mamakin amsarsa ba. "Wanda yaf fi kayan aiki shi ci? Wannan ai mun san shi, ba sai an saida muna ba." Amma bai bar Mai Rumbu ma ba. Ya ce wanda ya ƙera shi bai taɓa noma ba, tunda a cikinsa ruwa ba ya ɗaukewa, fara ba ta sauka.

Na buɗe kaye na rasa abin rubutawa. In na ƙirga salula, ɗaya ce. In na ƙirga mai saye, babu ko ɗaya. Daga ƙarshe na raba shafin gida biyu, na rubuta salula guda a hagu, kawuna goma a dama, har da ta bayan darni.

Laraba da Alhamis: Kore Mai Ruwa da Tibiri

Na koma Dutsi da hantsi ban shiga gida ba, don na san in na shiga Inna ba za ta bar ni in sake fita ba. Ƙarfe goma sha biyu da rabi motar haya ta cika, muka hau gudaro, wato kwalta, muka yi kudu. A shingen jandarma aka karɓi katin shaidar kowa. Da ya ga ni ɗan lise ne, wato babbar sakandare, jandarman ya tambayi abin da nake ta rubutawa. Na gaya masa. "Sa ni wajen Kai Hari," in ji shi, ya miƙo mini katina. Na sa shi.

A Kore Mai Ruwa na ci shinkafa da wake na dala sittin ina jiran motar Tibiri. Duk wanda na gani a tasha ya sunkuyar da kai kan salula, Kai Hari yake yi. Ƙarfe huɗu da kwata na isa Tibiri, na sauka gidan abokin karatuna Nuhu, wanda ke taya yayansa tsaron shagon kaya.

Nan na ji abin da ban so ji ba. Nuhu ya ce, "Tsakanin mai saye da mai saye minti nawa gare ni? In zauna ina cika rumbu kwana goma, wa za shi auna sukari?" Ya ba ni salularsa na gwada. Ba zan ɓoye ba, wasan na da daɗi. Launinsa na ɗaukar ido, kana faɗa da mutum mai rai da ke wata ƙasa, zuciyarka na bugawa. Na ci sau biyu. Na uku na gamu da wani da ya sayi dakaru, ya share ni kafin in gyara zama. Duk yinin Alhamis na zagaya shaguna da tasha, ba na tambayar kowa, ina kallo kawai yadda Tankari ya koya mini. Inda duk akwai rezo da ciniki, Kai Hari ne sarki. Na rubuta haka, na ja layi a ƙarƙashi.

Juma'a: Gida

Motar farko ta tashi shida da rabi, na iso Dutsi tara da minti arba'in. Na yi wanka, na ci abinci, bayan la'asar na tafi gidan matasa. Ɗakin ya cika fiye da kullum. An zo kallon Malam Kaye zai janye.

Na tashi na karanta daga farko, har da inda aka ce mini ma'aikacin haraji. Da na zo wajen Tibiri na ce a fili, a wajen kuɗi da bakin gudaro Kai Hari ya ci, ba kusa ba. Lawali ya tafa. "To madalla, janye mu tashi."

"Ban janye ba."

"Kai da bakinka kac ce ya ci!"

"Na ce ya fi saiduwa. Ban ce ya fi mutane ba. Kai kana ƙirga wanda yaz zo shagonka. Na Lugu ba su zuwa shagonka, su goma ne bisa salula guda." Muryata ta karye a tsakiya, wani ya kwaikwaye ni daga baya, aka yi dariya. Na jira aka gama, na sake faɗin maganar daga farko.

Lawali ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai ɓoye ba, kyautarsa tana kan Kai Hari ko kuma ba ta kan komai. Ban ga laifinsa ba, kayansa ne. Aka ɗaga hannu, kwamiti ya bi shi, mutum biyu kawai suka tsaya tare da ni. Shugaban taro ya dube ni da tausayi ya ce a bar maganar janyewa, a wuce. Na ce ban gama ba. Na tambaya wa ke amfani da ɗakin da safe a ranakun gasar, tunda ita da yamma za a yi. Aka ce ba kowa. Na ce a ba ni.

"Ba kyauta, ba lasifika, ba lemu?" in ji Lawali. "Wa za shi zo maka?"

"Kai dai ba ni makulli."

Aka rubuta a takardar taro, shugaba ya sa hannu.

Don haka ga sanarwa ga duk wanda wannan labari ya kai gare shi. Za a yi Mai Rumbu a gidan matasa kowace safiya ta makon gasa, daga ƙarfe takwas. Ba a son kiredi, ba a son rezo, ba kyautar komai. Kowane gari ya zo da salula guda da duk masu ba shi shawara, maza da mata, ba a ƙayyade yawa ba. Magidanci da ke jin nauyi ya ce rakiya ya yi, ba mai tambayarsa.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Gwaggo Hadi da Nuhu da suka ba ni wurin kwana, da Tankari da ya gyara mini tambaya, da masu kabu-kabu da suka haƙura da mai sa su tsaya don ya duba agogo. Baba Gado ya aiko cewa Bawa zai jagoranci mutanen Lugu, shi kuma ba ya barin gona gero na nuna. Ya ƙara da cewa in an ci su, laifin Bawa ne.