Ayarin neman damina

Shekarar da Kaka ta zo Dubai a yi mata aikin ido, ni na fi kowa cin riba. Ina ɗan shekara tara ko goma a lokacin, muna zaune a unguwar Muraƙƙabat, a wani filat da muka raba da wani ɗan Kumasi da iyalinsa. Wuri ya yi mana kaɗan, don haka aka ba Kaka gadona, ni na sauko ƙasa kan katifa, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Kaka mahaifiyar Babana ce. Tun ranar da ta sauka ta raɗa mini Maigida, irin wasan nan na kaka da jika. Kullum da safe sai ta tambaye ni me na kawo na cefane, in na ce babu, ta girgiza kai ta ce ita dai ba ta yi dacen miji ba.

An yi aikin ido ɗaya, ya yi kyau, likita ya ce ɗayan sai an ɗan huta. Ana cikin hutun nan zafi ya shigo, irin wanda in ka buɗe ƙofar baranda sai ka ji kamar ka leƙa tukunya. Kaka ta koma tsayuwa a bakin taga tana duban sama da sabon idonta.

"Maigida, wai ku nan ba a yi muku damina ne?"

Na yi mata bayani da alfahari cewa muna samun ruwa lokacin sanyi, wani lokacin har a tashe mu daga makaranta. Ta dube ni da tausayi, kamar na ce mata ban taɓa cin tuwo ba.

Daga nan ta fara kiran gida kullum. Aka ce mata an yi shuka. Aka ce gero ya kai gwiwa. Wata rana na dawo daga islamiyya na tarar ta ninke zannuwanta tsaf a cikin jaka. Ta ce wa Baba ya nema mata jirgi, ido ɗaya ya isa a duba gona. Baba ya yi lallashi, Mama ta yi, ko gezau. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai. Kafin zuwanta ban san ana hira da yaro har ya yi barci ba, kuma ba na son in koma rashin sanin.

Maƙwabcinmu ɗan Kumasi, wanda ke aiki a otal, shi ya kawo shawara. Ya ce a irin waɗannan watannin Larabawa Salala suke tafiya, can ƙasar Oman, wai ana ruwa, duwatsu sun yi kore shar. Baba ya ce to shi ke nan, tunda damina Inna take so, zai kai ta inda damina take. Kaka ta ce za ta je ta gani, amma ba ta kwance jakar ba.

A danginmu ba a tafiya da mota ɗaya. Baffa, wato yayan Baba, mai sayar da kayan gyaran mota a Ras Alhor, yana jin labari ya ce ta yaya za a tsallaka da Inna wata ƙasa yana zaune. Ya fito da tsohuwar bas ɗinsa, ya cika ta da iyali. Maƙwabcinmu ya ce ai shi ya san hanya. Wasu samari biyu na ofishin aika kaya na Baba a unguwar Dera suka ce su ma ba za a bar su da kwantena ba. Motoci huɗu ke nan. Guzuri kuwa kamar za mu Makka a ƙasa: tuwo a kula, miyar kuka a wata kular, dambun nama, furar da Kaka ta dama da nonon kanti tana mita, da wake da shinkafar matar maƙwabcinmu da wani baƙin yajinta mai sa hawaye. Kowace mota da tabarmarta da butarta.

An ce a haɗu a ƙofar shagon Baffa bayan sallar asuba. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka tashi, bayan Baffa ya yi addu'ar da hannuwana suka gaji. Ya shiga bas ya hau gaba, Baba ya bi shi, sauran suka bi Baba. Ba wanda ya tsara hakan. A gidanmu ƙane ba ya shiga gaban yayansa, ko a kwanon abinci, ko a ƙofar masallaci, balle a hanya.

Matsalar ita ce Baffa a lungunan Dera ya koyi tuƙi, kuma bai taɓa yarda cewa ya fita daga cikinsu ba. Ga titin Al'ain shimfiɗe, faɗinsa ya isa a yi sallar idi, amma Baffa ya kama gefe yana tafiya kamar mai neman adireshi. Manyan motocin ɗaukar kaya suna wuce mu suna leƙowa. Mu kuma muna biye a jere kamar agwagwa da 'ya'yanta. Ina kallon ƙeyar Baba, ina jin ajiyar zuciyarsa.

"Ka ɗan yi masa hon mana," in ji Mama, tana danne dariya.

"Yayana zan yi wa hon?" in ji Baba.

Ya dai kira shi a waya sau ɗaya, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar bas, sannan ya ce hanyar fa da nisa. Muna jin muryar Baffa: "Shwayya-shwayya, habibi, a hankali. Gudun me ake? Salala ba tashi za ta yi ba."

Ga kuma tsaye-tsaye. In yaro ɗaya a kowace mota ya ce fitsari, sai waya ta zagaya, motoci huɗu su tsaya. In an tsaya sai wani ya fito da tabarma don a miƙe ƙafa. In tabarma ta fito sai a buɗe kula, in an buɗe kula sai samarin nan su ɗora shayi, kafin shayi ya nuna sai Baffa ya duba agogo ya ce ai azahar ta kusa, gara a jira. Mu yara ba mu da asara a wannan tsari. Mun yi tsere a kan yashi, mun ƙirga raƙuma har muka rikice, mun yi musayar motoci don kowa yana ganin abincin wata motar ya fi daɗi. Ni dai ban bar kusa da Kaka ba, don aikina ne in riƙa leƙa sama in kawo mata rahoto.

Muka tsallaka iyaka, muka shiga wani fili wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Babu gida, babu itace, sai tsakuwa da titi da gidan mai jefi-jefi. Muka kwana a wani masauki a bakin hanya. Washegari ma haka, sama fara fat. Tun daga Dubai nake addu'a a zuciyata Allah Ya sa a yi ruwa, ruwa mai yawa, Kaka ta gani ta kwance jakarta. A rana ta biyu har da alkawari na haɗa, na ce zan daina kallon talabijin bayan magariba.

Da muka tsaya shan mai, maƙwabcinmu ya zo tagar Baba ya ce masa a hankali, in aka ci gaba da wannan tafiyar ba za mu hau duwatsun da rana ba, sai dai a sake kwana a hamada. Kaka idonta ne ke da matsala, kunnenta lafiya lau. Muna hawa titi ta gyara zama.

"Kai, ɗan nan. Ka ce za ka kai ni wurin ruwa, ka kawo ni inda ko ƙaya ta ƙi fitowa. In yau ban ga hadari ba, a juya a kai ni filin jirgi. Wai ma me ya sa muke rarrafe?"

"Yaya ne a gaba, Inna."

"To ni kuma a ina nake?"

Ta nuna bas ɗin Baffa da carbinta.

"Wa ya goya shi? Wa ya yaye shi? Mota huɗu, an rasa mai hankalin da zai ga cewa babba tana motar baya? Wuce shi."

Ban taɓa ganin Baba ya sha wahalar wuce mota irin ta ranar ba. Ya kunna sigina ta daɗe tana ƙyaftawa. Da muka yi daidai da bas, ya sunkuyar da kai ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai gaisuwa a zaure. Baffa ya juyo baki buɗe. Kaka ta ce in sauke mata gilashi, ta leƙa ta ɗaga carbinta ta ce, "Yalla, biyo uwarka!" Kalmar Larabci ɗaya ke nan da ta koya a zamanta, kuma ranar ta yi mata amfani. Abin mamaki, bas ɗin da muka ɗauka tsufa ne ya hana ta gudu, sai ga ta manne da bayanmu har Salala.

Bayan la'asar titi ya fara hawa. Na ga sama ta yi duhu-duhu, na yi shiru don kada in yi rahoton ƙarya. Sai ɗigo ya faɗo a gilashi, sai wani. Hazo ya rufe mu, da ya ɗan yaye sai ga ciyawa ta lulluɓe ko'ina, ga shanu suna kiwo a bakin hanya.

"Tsaya," in ji Kaka.

Motoci huɗu suka tsaya, kuma a karon farko ba wanda ya taɓa tabarma. Kaka ta cire takalmi ta taka ƙasa. Mama ta biyo ta da lema saboda idon, ta ture. Ta duƙa ta damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Wannan ai yayyafi ne," in ji ta. "A garinmu ko kaza ba za ta fake ba."

Kowa ya yi dariya, har Baffa da ke fushi. Ni na fi kowa murna, ina ta tsalle a cikin taɓo, don a ganina addu'ata ta ci. Na ruga na riƙe zanenta.

"Kaka, kin fasa tafiya ko?"

Ta juyo, sai na ga ba ruwan sama kaɗai ne a fuskarta ba. Ta dafa kaina da hannun da ke da ƙasar.

"Maigida, da ban ji ƙamshin nan ba, da na iya daurewa."

Baba yana tsaye a bayanmu, ya ji. Mun yi kwanaki a Salala, mun sha kwakwa, mun ga ruwa yana gangarowa daga dutse, amma ni duk ban ji daɗinsu ba. Muna komawa Dubai Baba ya nemi jirgi. Ɗaya idon a Kano aka yi shi bayan an yi girbi, kuma Kaka ba ta sake zuwa ba.

Ranar tafiyarta na ce mata sakina za ta yi ke nan. Ta ce a'a, yaji ne kawai, in na iya cefane in zo biko. Na yi ƙoƙarin yin dariya, ta ƙi fitowa.

Motocin nan huɗu suka sake haɗuwa a ƙofar gidanmu don rakiya, ko da yake daga Muraƙƙabat zuwa filin jirgi ba wata tafiya ba ce. Baba ya tsaya yana jiran bas ta hau gaba kamar kullum. Sai Baffa ya zuro hannu ta taga ya yi masa alama ya wuce.

"Halas, shi ke nan, motar Inna ce gaba," in ji shi.

Baba ya ja mota. Titi babu cunkoso, danja duk kore. Ina zaune a baya riƙe da hannun Kaka, ina waiwayen bas ɗin nan, ina cewa a raina ina ma yau Baffa ne a gaba.