Talabijin ɗin da Yaya ya sayo a Kano

A gidana na unguwar Zariya, a nan Maraɗi, akwai ɗaki guda da maiɗakina ta daina sharewa. Tsofaffin talabijin ne a ciki, masu kala na farkon zuwa, irin masu ƙatuwar ƙeya da akwatin katako, waɗanda sai ƙarti biyu ke ɗaga guda. Wasu kyauta aka ba ni don a samu wurin ajiye buhun gero, wasu kuma a hannun ƴan gwangwan na ƙwato su. Ƴan gwangwan ba ruwansu da hoto. Guduma suke sawa su karya wuyan kwalbar da ke nuna hoton, su zare tagullar da ke naɗe a jiki, su watsar da sauran a bola. Na sha yin faɗa da su a bakin titi, da furfurata da komai, mutane na wucewa suna cewa tsohon mai gyaran nan ya fara taɓuwa.

In an tambaye ni dalili nakan ce sha'awa ce, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma akwai guda ɗaya da na san inda take shekara talatin da ɗoriya, ina zama kusa da ita duk sallah, ban taɓa ɗaga zanen da aka rufe ta da shi ba.

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne a Maraɗi, asalinmu kuma Tsibiri. Yaya, wanda ya girme ni da shekara tara, shi ne hannun damansa. Shi ke riƙe da makullin sito, shi ake aikawa Kano da Katsina, kuma ba a taɓa jin Baba ya sake auna abin da Yaya ya auna ba. Da gidan talabijin na ƙasarmu ya fara nuna hoto mai kala, Baba ya ga ɗaya a gidan wani abokin cinikinsa, ya dawo ya ce shi ma sai ya ajiye. Aka ce a Kano sun fi sauƙi. Ya aiki Yaya.

Ranar da aka kawo ta, bayan magariba, tsakar gidanmu ya cika. Maƙwabta sun zo da tabarminsu, Baba ya sa aka fito masa da kujera. Yaya ya kunna da kansa, yana ta murmushi. Hoto ya fito tangaran, ga mai karanta labarai, amma baƙi da fari, kuma maimakon magana sai shuuu kamar ana suyar ƙosai. Aka juya eriya gabas, aka juya yamma. Yaya ya murɗa maɓallin kala har ƙarshe. Mutane suka fara naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya, suna cewa Allah ya sanya alheri.

Ina da shekara goma sha tara lokacin, na yi shekara guda ina koyon gyaran rediyo a bakin kasuwa, kuma ina ganin duk Maraɗi ba wanda ya kai ni. Da safe Baba ya ce, tun da ni ne mai ilimin abin, in duba. Ban taɓa ganin cikin talabijin mai kala ba, ko sau ɗaya. Na kwance bayanta, na yi ta taɓe-taɓe, na murɗa wani ɗan ƙarfe irin wanda na saba murɗawa a rediyo, sai ga magana ta fito ras. Sa'a ce kawai, amma ita ta sa maganata ta yi nauyi.

Baba ya ce, "To, kalar fa?"

Kalma uku ce ta kamata in faɗa, ban sani ba, sai dai bakina ya ƙi ɗaukarsu. Na ce, "Baba, wagga ba mai kala ba ce. Akwatin ne kaɗai na mai kala."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya juya ya dubi Yaya.

"Da idonka ka ga kalar?"

"Da idona, Baba. A gabana anka kunna ta."

"To."

Daga wannan "to" bai ƙara cewa komai ba. Amma kowa a gidan ya gane. Ko dai Yaya ya sayo mai araha ya rufe bakinsa, ko kuma an yi masa wayo an musanya a cikin kwali, kuma a wurin Baba duk biyun ba sa riƙe makullin sito. Kafin damina ta kama, wani aka fara aikawa Kano. Kafin kaka, Yaya ya kwashi iyalinsa ya koma Tsibiri, ya kama noman gero a gonar kakanmu. Talabijin kuwa Baba ya ce ba ya son ganinta. Aka ɗora ta a amalanke aka kai wa Gwaggo, ƙanwarsa, a Jiratawa, inda ko wutar lantarki babu a lokacin. Gwaggo ta rufe ta da zane ta jera kwanonin samira a kai.

Bayan shekara uku wani mai gyara da ya yi karatu a Yamai ya zauna a rumfarmu, ya yi mana bayanin da yau kowane ɗan koyo ya sani. Kala iri biyu ce. Ta ƙasarmu irin ta Faransa ce, ta Najeriya kuma irinta daban. In ka sayo talabijin a Kano ka kama tasharmu, za ta ba ka hoto baƙi da fari ko da lafiyarta ƙalau. Ina zaune da abin walda a hannu, na gane abin da na jawo wa Yaya. A lokacin Baba yana da rai. Na ce gobe zan faɗa masa, goben ta yi ta ja, har ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba. Kuma na samo wa kaina mafaka, na riƙa cewa ai ba a sani ba, mai yiwuwa da gaske an musanya masa. Muddin zanen nan yana rufe, ina iya ci gaba da faɗin haka.

Sau ɗaya na gwada taɓo wa Yaya zancen, a wurin wani suna. Na ce, "Yaya, ashe kala iri biyu ce." Ya dube ni, ya ce, "Bar wanga zance," ya tashi ya koma cikin dattawa. Zumuncinmu bai yanke ba. Yana aiko mini da gero, ina gyara masa rediyo. Sai dai hirarmu ba ta wuce gaisuwa da labarin ruwa.

Bara Gwaggo ta rasu. Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya da hantsi, ɗanta ya kira ni. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Ya ce, "Sarkin tarkace, kana ina? Ga ƴan gwangwan sun taho, mun ba su tsohon gado da keken ɗinki. Suna tambaya ko tele ɗin nan ma. Na ce bari in ji ko kana so, kar ka yi mini kuka."

Ba zan ɓoye ba, na so in ce a ba su. Guduma ɗaya, shi ke nan, ba mai sake sanin gaskiya, har ni. Sai na ji bakina yana cewa, "Kar wanda ya taɓa ta. In anka fasa ta, ni da kai har lahira."

Na tare ɗan kabu-kabu mai babur, na ce Jiratawa, kuma ya manta da cewa tsoho ya ɗauko. Na iske sun riga sun fito da ita ƙofar gida, ɗaya yana zaune a kanta yana cin gyaɗa. Na daka masa tsawar da ta fi ƙarfin laifinsa. Taubashina yana dariya, yana ce musu su yi haƙuri, amaryata ce. Na durƙusa nan cikin rairayi, na fito da sukundireba, na kwance bayan. Gidan zanzaro ne ko'ina, da kashin ɓera. Na hure, na leƙa wuyan kwalbar. Ga wayoyi uku nan sun hau zuwa gare shi, ja da kore da shuɗi. Ba a sa su a baƙi da fari.

Na ɗauka kunya ce za ta fara zuwa. Amma sanyi na ji ya sauka mini tun daga kafaɗa, irin na wanda ya sauke buhu. Yaya bai ci amana ba, ba a kuma yi masa wayo ba. Ni ne mai laifi, kuma yanzu na daina gardama da kaina. Na zauna daɓas a ƙasa har taubashina ya daina dariya ya aika a kawo mini ruwa.

Wayoyi uku sun ishe ni, ni mai gyara, amma ba su ne za a kai wa manomi ba. Sai ta nuna kala. Na ɗauki a-daidaita, na shimfiɗa katifa, muka kwantar da ita rub da ciki, don haka ake ɗaukar irinsu, nauyin duk a fuskar gilashin yake. Na zauna kusa da ita ina roƙon direba a kan kowane rami.

Wanda ya sami tsohuwar talabijin, abu na farko da hannunsa ke so shi ne ya cusa ta a wuta, kuma abin da ke kashe su ke nan. Abin da ya yi shekara talatin yana barci ba a tayar da shi da mari. Kwana uku na shanya ta a rana don raɓar daminu ta fita. Na share ta da burushi, na ɗinke wayoyin da ɓera ya ci, na ciro kayan da suka bushe na sa wasu daga cikin ƴan uwanta na ɗakin nan. Maiɗakina ta leƙo ta ce, yau dai ta ga amfanin tarkacen. Sannan na haɗa ƙwan lantarki a kan hanyar wutar, yadda in akwai matsala ƙwan ne zai haska ya shanye, ita ta tsira. Na kunna, ƙwan ya haska ya dushe a hankali, alamar lafiya. Abin da ya rage shi ne kwalbar, wadda in ta mutu ba ni da madadinta. Na jona wata tsohuwar na'urar bidiyo ƴar Najeriya, na sa kaset na wasan ƙwallo. Gilashin ya yi duhu, ya yi toka-toka, sai fili ya fito kore shar. Na kashe, na yi alwala, na yi raka'a biyu.

Ran Alhamis bayan la'asar na kai ta Tsibiri. Yaya ya tsufa, gwiwoyi sun hana shi gona, yana zaune a zaure a kan buzu. Ya ga muna shigo da ita ni da direba, ya gane ta nan take, fuskarsa ta ɗaure.

"Mi ya kawo wagga aba gidana?"

"Yaya, ka ba ni minti biyar. In ka ce in maida ta, sai in maida ta."

Ban jira izininsa ba. Na jawo waya daga ɗaki, na jona ta da na'urar bidiyon da na taho da ita. Koren ya fito, ga ƴan wasa masu jar riga suna gudu. Yaya ya ja jiki a hankali har gabanta, ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

Na ce, "Mai kala ce, Yaya. Tun ranar lafiyarta lau. Tasharmu ce ba ta jituwa da irinta. Ni ne ban sani ba, na ƙi cewa ban sani ba. Daga baya na gane, Baba na da rai, na yi shiru. Ka yafe mini."

Bai ɗauke idonsa daga kan gilashin ba.

Can ya ce, "Wata mata ce ke magana a cikinta ranar, a shagon Kano. Kallabinta ja, rigarta ruwan ƙwai. Na faɗa ma Baba na gani. Amma da shekaru sunka yi nisa, ni kaina na fara cewa ko ban gani ba. Ko wata daban anka kunna mini, ni ko ina ta washe baki." Ya share ido da bakin riga. "Ashe na gani."

"Ka gani, Yaya."

"Kai ko ka cika baki tun kana ƙarami." Ya faɗe ta ba da zafi ba, har da ɗan guntun murmushi. "Na yafe. Kashe ta haka nan, kar ta gaji."

Na kashe. Muka zauna, aka kawo fura, ya sha ya miƙo mini ludayin. Ya tambayi yadda na tayar da ita, na yi masa bayanin ƙwan lantarkin, ya saurara har ƙarshe, ya kuma yi tambaya. Rabon da mu yi hira mai tsawon haka, na manta. Da na miƙe zan tafi, ya riƙo hannun rigata.

"Gobe Juma'a. Ka taho da mota da sassafe, ka kai ni Maraɗi, wurin kabarin Baba. Tun ranar da munka rufe shi ban koma ba."

Na ce masa ƙarfe bakwai ina ƙofar gida.