Gidan Mama na Ƙetaren Kogi

Lokacin da muka fara zana taswirar Kamazou a kudancin Kaduna, sojan da aka girke bayan rikici sun daɗe da komawa bariki, amma in ka nemi unguwarmu a waya fili fetal za ka gani, kamar ba kowa a wurin. Aikin sa-kai ne, kowa a duniya yana iya sa hannu. Ka buɗe hoton gari da aka ɗauko daga sama, ka bi rufin gidaje da yatsa kana zanawa, shi ke nan.

Na yi kiran mutane har muryata ta dushe. Ranar Lahadi in tsaya a ƙofar coci ina ɗaga waya, a wuce ni kamar mai tallan maganin basir. Samari suka zo sau ɗaya, da suka ga ba a raba lemo, ko ƙeyarsu ban ƙara gani ba. Wani dattijo ɗan Binuwai, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya faɗa mini ido da ido: "Ɗana, mun gudo nan don kada a same mu, kai kuma za ka nuna wa duniya ƙofata?"

Mutum ɗaya ce ta tsaya ta koya, wata Mama 'yar Filato mai soya ƙosai a bakin layinmu. Sai ta goge man hannunta a zani, ta karɓi wayata. Ta zana rumfarta, ta zana famfon unguwa da shagon magani. Ni kuwa baki har kunne, na yi ta cika wa abokan aikina baki da ita.

Wata rana ta ce, "Ja shi zuwa ƙetaren kogi." Can ta zauna kafin rikicin da ya sa da yawanmu muka tsallako gada, can kuma mijinta ya rasu. Na ja hoton har ta gane layin. Inda gidanta yake a da, yanzu jerin shaguna ne. Ta zana ɗaki uku a kansu, da rijiya a tsakar gida.

Na ce, "Mama, ƙa'ida ita ce abin da ke tsaye yau kaɗai ake zanawa."

"Ƙa'idarku ce. Ni na san inda na haifi 'ya'yana."

Ta shiga nuna wa masu sayen ƙosai. Kafin ka ce me, matan zumuntar cocinsu sun fara zuwa, kowace da gidan da ta baro. Abin da na yi ta roƙo a ƙofar coci ga shi ya zo da ƙafarsa, mata cike da benci suna jiran waya. Amma ko ɗaya ba Kamazou ta zo zanawa ba. Raina ya yi daɗi, amma na san aikin ya saɓa wa ƙa'ida.

Ba a jima ba wani ɗan sa-kai daga wata ƙasa mai nisa ya bi aikin ya goge gidajen duka. Ya bar saƙo cikin ladabi, wai waɗannan gine-gine babu su a ƙasa. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Da safe Mama ta karɓi waya kamar kullum, ta ja hoton da kanta. Ta daɗe tana kallon shagunan. Na yi mata bayani, ina inda-inda.

"Wanda ya goge ɗin, ya taɓa zuwa Kaduna?"

"A'a, Mama."

Ta miƙo mini wayar.

"Waɗanda suka rushe shi karon farko dai na ga fuskokinsu," in ji ta, ta juya ta kwashe ƙosan da ya fara ƙonewa.