Mama Monika, ba a gindin gwanda na zuba ruwan ba

Da safen nan labari ya iske ni. Mama Monika ta rasu.

Ina sharar tsakar gida sai yayata Jummai ta fito da waya a hannu, ta ce, "Filo, ajiye tsintsiyar nan ki zauna." Ban zauna ba. Ta ce jiya da yamma jinin Mama ya hau, aka ɗauke ta daga Madakiya zuwa asibiti a Kafanchan, gari na wayewa ta cika.

Da wayar Jummai nake rubutun nan, ni ba ni da waya. Waɗanda suka san ni sun san ba na iya magana a gaban mutane. Ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san ta ba, Mama Monika ce ke wanke kayan bagade, wato teburin sujada, a cocinmu tun ba a haife ni ba. Har da ƙananan fararen ƙyallayen nan da Fada, limaminmu, ke goge ƙoƙon ruwan inabin jibin Ubangiji da su lokacin sujadar Misa. Citta take nomawa, hannunta kullum yana ƙanshin citta. Sau uku take wanke shi kafin ta taɓa ƙyalle ko ɗaya.

Bara, bayan na gama firamare, wata Lahadi na manta ɗankwalina a gida. Kunya ta hana ni shiga coci, na laɓe a bayan ƙofa. Ita ta gan ni.

Ta ce, "Ke 'yar wa? Fada ya ɗauke ki gadi ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta zaro ɗankwali daga jakarta ta ɗaura mini, ta ja ni har bencin da take zama. Da aka tashi ta ƙare mini kallo ta ce, "Tunda bakinki ba ya aiki, zo gobe mu gani ko hannunki na yi."

Haka muka fara. Kowace Litinin a bayan coci, ni da ita da wani farin daro wanda ba a wanke komai a ciki sai kayan bagade. Takan zo mini da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a bakin zane. Ba ta taɓa matsa mini in yi magana ba, ita ce mai surutun, ni ce mai ji.

Abu na farko da ta koya mini shi ne ruwan farko. Ana jiƙa ƙyallayen a ruwa zalla, babu sabulu, a ɗauraye, a matse. Wannan ruwan ba ya shiga kwata. Ana kai shi gindin mangwaro, inda ƙafa ba ta takawa, a zuba a hankali ƙasa ta shanye. Bayan haka ne ake sa sabulu.

Ta ce, "Abin da ya goge ƙoƙon nan ya taɓa jinin Yesu. Kin ji ko?"

Ranar da na fara ganin jan tabon ruwan inabi a jikin ƙyalle, na tsorata har na kusa yar da shi. Ta yi dariya ta riƙe mini wuyan hannu. "Filo, ba don yana cizo muke lallaɓa shi ba. Don muna son sa ne."

Yanzu ga abin da ya sa na karɓi wayar nan.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan Misa, Mama ta miƙo mini jakar ƙyallayen da farin daron. Ta ce kanta na sara, gobe ba za ta iya fitowa ba, in tafi da su gida in wanke ni kaɗai. Ba ta taɓa ba ni su ni kaɗai ba.

Litinin na wanke hannuna sau uku. Na jiƙa, na ɗauraye, na matse, na ajiye daron a gefe don in kai ruwan gindin gwandar da ke bayan ɗakinmu. Sai mamata ta ƙwala mini kira, miya na ƙonewa. Na ruga na sauke tukunya, na gyara wuta. Da na dawo na ga daro da ruwa a bakin ƙofa, hannuna ya yi abin da ya saba yi kullum da ruwan wanke-wanke. Na watsa shi a kwata.

Daron bai gama komawa ƙasa ba na tuna.

Na bi ruwan da gudu. Na durƙusa na sa hannu biyu in tare shi, ya bi ta tsakanin yatsuna, ya haɗu da ruwan kwanuka, ya fita ta ƙarƙashin katanga zuwa inda aladun maƙwabtanmu ke kwanciya. Biyu daga cikin ƙyallayen suna da jan tabo. Na gan su da idona kafin in jiƙa.

Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba mamata ta aike ni in kai wa Mama kunu. Na same ta kwance a tabarma a inuwa, kusa da cittar da ta shanya. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa mata.

Ta ce, "Bebiya ta iso. Kin wanke?"

Na ce, "Na wanke, Mama."

"Ruwan farko fa?"

Na dubi ƙasa. Na ji bakina ya ce, "Gindin gwanda."

Ta yi murmushi, ta shafa kaina da hannun nan mai ƙanshin citta. Ta ce, "Yauwa, 'yata. Yanzu ko an kira ni, bagade na da mai wanki."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ni da ba na magana, ranar da na buɗe baki ƙarya na yi mata.

Tsoro nake ji. Tun da Jummai ta faɗi labarin zuciyata ke ce mini ko saboda ni ne. Ɗazu na kasa riƙewa na faɗa wa Jummai komai. Ta ce, "Ke, Allah ba ya kashe tsohuwa saboda daro. Shekara nawa tana fama da hawan jini?" Kaina ya yarda, amma ƙirjina ya ƙi. Na tambaye ta ko zunubin babba ne, ta ce wannan ba ta sani ba, sai Fada.

Kuma yanzu Mama tana inda ake ganin komai. Ta riga ta sani.

Ba a jima ba Baba Katikis, mai taimaka wa Fada, ya aiko. Ya ce gobe Asabar in kawo ƙyallayen, da su za a yi Misar jana'izarta. Ya ce matan zumuntar coci sun yarda in ci gaba da wankin, don Mama ta gaya musu ta gama koya mini.

Idan na faɗi gaskiya, wataƙila a karɓe daron daga hannuna, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Idan na yi shiru, zan riƙe shi da ƙarya kowace Litinin. Ranar Misarta ma ba zan iya tashi in karɓi jibi ba. Zan zauna a bencinmu ni kaɗai kowa na wucewa.

Na goge ƙyallayen da dutsen guga na gawayi, na ninka su gida uku yadda ta nuna mini. Suna cikin jaka a kan gadona. Gobe da ƙarfe huɗu Fada na zama don masu furta zunubi. Na san kaina, zan iya kaiwa ƙofa in juya. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, don kada in sami wurin gudu.

Mama, a kwata na zuba. Ba da gangan ba. Amma ƙaryar da gangan na yi. Ki yafe mini.

Ya Yesu, shekaru da yawa baiwarka Monika ta wanke abin da ya taɓa jininka. Ka wanke ta da shi yau, ka ba ta hutu a cikin haskenka. Uwa Maryamu, ki riƙe mata hannu yadda ta riƙe nawa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya ja mata carbin rosari ko da gida ɗaya. In kun gama nata, ku tuna da ni gobe ƙarfe huɗu, ƙafata ta kai ni ciki, bakina ya buɗe.